Tankin kifi mai juya ruwansa: yadda za ka tsara na farko ka kafa shi a tsakar gida

Duk wanda ya taɓa kiwon tarwada a tanki ya san cewa bayan kuɗin abinci, ruwa ne ke cinye mai kiwo. Kifi yana ci, yana kashi a inda yake kwana. Kwana biyu ruwa ya yi baƙi ya soma wari, sai a buɗe a malalar, a sake cikawa. Da damina wannan ba abin damuwa ba ne. Amma a Kuyello da ƙauyukan gabashin Birnin Gwari, daga watan Maris har saukar ruwan farko rijiyoyi kan ja baya, mata da yara su yi layi a bakin burtsatse, kuma ba mai hankalin da zai riƙa zubar da lita dubu duk bayan kwana biyu saboda kifi alhali tulun gida ba ruwa.

Akwai hanyar da ba sai an zubar ba. Ruwa ya fita daga tankin kifi da kansa, ya gangara ta cikin matatai, ya taru a wani tanki da ke ƙasa da kowa, daga can ƙaramin inji ya maido shi sama, haka dare da rana. Da wannan tsari masu ajiye kifin ado na ruwan teku a akwatin gilashi suke aiki, su ɓoye tankin ƙasan a cikin durowar da akwatin ke bisa. Da shi kuma masu bincike a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka bunƙasa kiwon tarwadarmu ta Afirka a cikin gini a shekarun 1980, kafin manyan gonakin kifi na Ibadan da Legas su ɗauka. Yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan tarwada, amma ƙaramin mai kiwo a arewa har yanzu zubar da ruwa ya sani. Shekarun rashin tsaro da yankinmu ya gani sun nuna wa kowa darajar sana'ar da ake yi a cikin gida, wadda uwargida ko matashi zai iya kula da ita ba tare da an shiga daji ba. Wannan kiwo yana cikin irin waɗannan sana'o'i, in an tsara shi tun kafin a sayi ko da bututu ɗaya.

Abin da ake tacewa

Dattin da ido ke gani shi ne mai sauƙi. Wanda ke kisa ba ya da launi, sunansa amoniya, kuma kifi yana fitar da mafi yawanta ta jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, inda yake numfashi. Kowane kilo ɗaya na abincin kifi mai gina jiki yana barin kimanin giram 30 na amoniya a cikin ruwa. Ka ɗauka kana da tarwada 50 a tanki mai lita 1,000, kowace ta kai rabin kilo. Nauyinsu kilo 25 ke nan, kuma za su ci wajen rabin kilo na abinci a rana. Wannan zai zuba giram 15 na amoniya, wato miligiram 15 a kowace lita, alhali abin da ake so kada ya wuce miligiram 1. In ruwan ya yi zafi, ko tsaminsa ya ragu, wato awon pH ɗinsa ya hau, dafin ya ƙaru.

Ba soso ko yashi da zai kama amoniya. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne wa jikin abubuwa a cikin ruwa mai gudu da iska. Kashi na farko su mai da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su mai da naitirait ya zama naitiret, wanda kifi ke iya jurewa, shuka kuma take so. Saboda haka kiwo biyu za ka yi a lokaci guda, na kifi da na ƙwayoyin nan, kuma su ne za su fara shiga gidan. Yawan kifin da za ka zuba ma ba girman tanki ne zai yanke shi ba, iya abin da matatarka za ta cinye a rana ne.

Wuri da kaya

Zaɓi inuwa. Tankin roba, musamman baƙi, in rana ta Afrilu ta doke shi ruwan zai wuce abin da kifi ke so. Tarwada ta fi girma a zafin digiri 26 zuwa 30. Rumfar zana ko ta ciyawa ta fi ta kwano mai gajarta. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, don haka cikakken tanki mai lita 1,000 nauyin buhun masara goma ne a kan ɗan wuri mai faɗin mita ɗaya. A yi masa dandamali na bulo mai tsawon santimita 40 zuwa 50, a cike cikinsa a daɓe, a shafe samansa ya miƙe sarai. In da siminti za ka gina tankin, sai an jiƙa shi na makonni ana canza ruwa, domin sabon siminti yana ɗaga pH har ya ƙona fatar kifi.

Za ka nemi duro uku na roba masu lita 200. A nan nake so ka tsaya ka yi bincike sosai. Ƙasarmu ta noma ce, robobin maganin feshi da na kashe ciyawa suna ko'ina, kuma wanki ba ya fitar da abin da roba ta sha. Duron da ba ka san abin da aka zubo a cikinsa ba, bar wa mai shi kayansa. Haka gidan sauro mai magani: kada ya kusanci ruwan nan, ko a matsayin matata ko murfi. Maganin da ke jikinsa yana kashe kifi ko da kaɗan ne.

Sauran kayan, wato bututun roba mai inci biyu na fitar ruwa, mai inci ɗaya ko ƙasa da haka na maidowa, gwiwoyi, mahaɗai, bawul da gam, ana samunsu wajen masu kayan famfo a Funtuwa, Zariya ko Kaduna. Rubuta komai ka sayo gaba ɗaya, har da rarar gwiwa biyu ko uku.

Hanyar ruwa

Kashin tarwada ƙasa yake kwanciya, don haka daga ƙasa ya kamata ruwa ya fita. Amma in ka huda gindin tanki ka haɗa kai tsaye, ranar da wani abu ya kwance duk ruwan zai tsiyaye kifi su kwana a busasshen tanki. Abin yi shi ne ka huda gefen tanki can sama, daidai inda kake son ruwa ya tsaya, a bar taƙi guda tsakaninsa da baki. Daga ciki ka sa mahaɗi mai baki uku. Baki ɗaya ya bi hudar zuwa waje, ɗaya ya riƙe bututun da ya sauka har kusa da gindi, na ukun ya dubi sama a buɗe. Ruwa zai kwaso datti daga ƙasa ya hau ya fita, buɗaɗɗen bakin nan kuma zai shigar da iska ya hana bututun zuƙe tankin. Ƙasan bututun a yi masa tsage-tsage ƙanana da ɗan kifi ba zai iya shiga ba. Sannan ka ƙara huda ta biyu, yatsa biyu sama da ta farko, da nata bututun da ya tafi tankin ƙasa kai tsaye. Wannan ta ko-ta-kwana ce, don ranar da mataccen kifi ya toshe ta farko.

Duro na farko na kwantar da datti ne. Ɗora shi a kan bulo ɗaya ko biyu, amma bakinsa ya kasance ƙasa da hudar tanki. Ruwa ya shiga ta tsakiyar tsayinsa, da gwiwa a ciki da za ta sa ya riƙa zagayawa a hankali, ya fita ta sama. A gindinsa ka sa bawul. Nan za ka buɗe kullum.

Duro na biyu shi ne gidan ƙwayoyin. A samansa ka ɗora roba mai faɗi da aka huhhuda da ƙusa mai zafi, a shimfiɗa soso a cikinta, domin ruwa ya sauka kamar yayyafi a ko'ina. Cikin duron a cika shi da abin da ke da yawan fuska kuma ba ya ruɓewa: marafen robobin lemo, yankakken bututun wayarin mai zobe-zobe, buhunan albasa na raga da aka wanke. Tsakuwa tana aiki, sai dai nauyi da saurin toshewa. Kada ruwa ya taru a wannan duron. Ya ratsa ya fita ta ƙasa, a kuma yi huda-huda a gefensa don iska. Na fi son wannan tsari a wurin da wuta ba ta da tabbas, saboda ba ya buƙatar injin hura iska, kuma in inji ya tsaya ƙwayoyin suna nan cikin laima da iska, ba su shaƙe a ƙarƙashin tsayayyen ruwa ba. Duro ɗaya irin wannan, kada ka ɗora masa fiye da rabin kilo na abinci a rana.

Duro na uku shi ne tankin ƙasa. A haƙa masa rami a saka, bakinsa ya ɗan ɗara ƙasa, a kewaye da bulo don kada ruwan damina ya malalo ciki. A cikinsa injin zai zauna, irin ƙaramin mai nutsewa. A yi masa murfi mai nauyi, shi da babban tankin, saboda yara. Wannan ba abin da ake jinkirtawa ba ne ko na yini ɗaya.

Inji da wuta

Ana so duk ruwan tanki ya ratsa matata kamar sau ɗaya a awa. Lambar da ke jikin kwalin inji ta ruwan da bai hau ko'ina ba ce. Naka zai hau wajen mita biyu, don haka nemi wanda aka rubuta lita 2,000 zuwa 3,000 a awa. In ka haɗa, gwada da jarka mai lita 25 a bakin bututun da ke zuba cikin tanki. Ta cika a daƙiƙa 90, kana samun lita 1,000 a awa ke nan.

Kada ka gina wannan aiki a kan wutar gari ko janareta. Nemi inji mai aiki da batir kai tsaye, mai bolt 12 ko 24, wanda kuma ya fi aminci ga hannun da ke shiga ruwa. Mai cin wat 50 zai sha wat 1,200 a awa 24. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, in ba a zuƙe shi ya wuce rabi ba, zai raka shi har gari ya waye, faifan sola na wat 300 zuwa 400 kuma ya maido abin da aka sha. Da hunturu a riƙa goge ƙurar faifan, a watan Agusta kuma a sa ido saboda hadari. In hali ya yi, ajiye inji na biyu a ɗaki.

Gwajin kashe wuta

A nan ake gane aikin da aka yi da tunani. Da zarar inji ya tsaya, ruwan da ke sama bai san an tsaya ba, zai ci gaba da gangarowa har sai ya sauka daidai leɓen huda. Tanki mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, kowane santimita na zurfinsa lita 10 ne. In ruwa ya sauka da santimita 3, lita 30 ke nan. Haɗa da na duro na farko, da na cikin bututu, da wanda ke tsiyaya daga gidan ƙwayoyi, za ka doshi lita 50. Duk wannan tankin ƙasa ne zai karɓa. In ka cika shi maƙil lokacin da inji ke aiki, zai yi ambaliya, in wuta ta dawo kuma ruwa bai isa ba, inji ya sha iska ya ƙone.

Saboda haka ka cika komai da ruwa, ba kifi, ka kunna ya yi awa guda, sannan ka kashe ka tsaya a kansa har ɗigon ƙarshe. Ƙara ruwa a tankin ƙasa har ya rage taƙi guda ya cika, ka ja layi da fenti. Ka sake kunnawa, in ruwa ya daidaita ka ja layi na biyu a inda ya tsaya. Wannan layi na biyu shi ne iyakarka duk lokacin da za ka ƙara ruwa inji na aiki. Bututun maidowa kuma bakinsa ya tsaya sama da fuskar ruwan tanki. In ka nutsa shi, ranar da inji ya tsaya zai juyo da ruwa baya ya zuƙe tankin. Sai gwaji na biyu: toshe babbar huda da tsumma, ka ga ko ta ko-ta-kwana za ta ɗauke dukkan ruwan. Ka bar shi yana juyawa kwana biyu ko uku kana duba yoyo a kowace mahaɗa.

Rainon matata

Sabuwar matata fanko ce. Ƙwayoyin sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, kuma in da sanyi sun fi haka, shi ya sa Disamba da Janairu ba lokacin farawa ba ne. Ba su abinci ta hanyar zuba cikin tafin hannu na abincin kifi a bar shi ya ruɓe, ko ka sa kifi goma kacal kana ba su kaɗan-kaɗan. In ka san wani mai irin wannan tsari da kifinsa ke lafiya, roƙi ɗan kayan matatarsa ka kawo a jiƙe, zai rage maka kwanaki. Ruwan famfo mai kulorin sai ya kwana biyu a buɗe. Ruwan rafi da damina a guje shi, domin yana kwaso maganin gonaki.

Sayi kayan awon amoniya, naitirait da pH, irin masu ɗigo da takardar launi. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya ya hau, ya daɗe, sannan ya faɗi. Wannan daɗewar ce ke karya haƙurin mutane. Sai duka biyun sun koma kusan sifiri za ka kawo kifi.

Sayi 'ya'yan da suka ɗan tasa, masu tsawon yatsa ko fiye, kuma kai ɗaya, domin tarwada babba tana cin ƙarama. Ka ajiye su da ruwan da suka zo a ciki kana ƙara na tankinka kaɗan-kaɗan na rabin awa kafin ka sake su, da safe ko da yamma, kuma kada ka ba su abinci ranar. Guda 50 sun isa karon farko. Ba za su sa ka yi arziki ba, amma za su koya maka aikin da kuɗin da za ka iya jure asararsa. In sun kai rabin kilo, rage wasu a ci ko a yi banda, sauran su samu wuri.

Aikin kullum ba shi da yawa. Buɗe bawul ɗin duro na farko ka fitar da jarka biyu zuwa huɗu, ka kai wa alayyahu, tumatir ko zogale, ka mayar da sabon ruwa daidai layi. Wanke soson sama da ruwan tanki. Kayan cikin duro na biyu kuwa sabulu ko omo ba ya taɓa su har abada, in sun toshe a ɗauraye rabi yau, rabi bayan mako biyu. Aikin ƙwayoyin yana sa ruwa ya riƙa tsami a hankali, sai ka rataya ɗan buhu na niƙaƙƙen dutsen da masu haɗa abincin kaji ke sa wa kajin ƙwai a cikin tankin ƙasa. Kada ka watsa kanwa da ka, tana ɗaga pH farat ɗaya ta mai da amoniya mugun dafi. In naitirait ya hau, tsayar da abinci, canza kashi ɗaya cikin uku na ruwa, ka narka gishiri kilo ɗaya a lita 1,000. Kifin da ke buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta a fitar da shi a ba shi a wata roba daban, domin maganin ba ya bambanta mai cuta da mai yi maka aiki. In ka ga tarwada sun tsaya a tsaye kansu a sama, ko sun ƙi abinci, ruwa za ka fara aunawa. Tarwada tana iya shaƙar iskar sarari, shi ya sa take jure tsayawar inji na wasu awanni. Karfasa ba ta da wannan baiwa, kada ka fara da ita. Mai son zurfafa ilimi, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa a jihar Neja, tare da kwalejinta.

In na gilashi mai ruwan teku kake so

Hanyar ruwa, layuka biyu da gwajin kashe wuta duk ɗaya ne, sai dai ana so ruwan akwatin ya ratsa tankin ƙasa sau 3 zuwa 5 a awa. Bambancin yana cikin ruwan. Ruwan teku yana da giram 35 na gishiri a kowace lita, don haka akwati mai lita 200 zai ci wajen kilo 7 na haɗaɗɗen gishirin da ake yi musamman don wannan. Gishirin miya, manda ko balma ba za su yi ba, domin ba su da sauran sinadaran da halittun teku ke buƙata. Ana kwaɓa shi da ruwan da na'ura ta tace tas, a auna kaurin gishirinsa da ma'auni har ya nuna 1.025. A tankin ƙasa ake ajiye na'urar da ke tara datti cikin kumfa, ƙwayoyin kuma suna zama a jikin duwatsu masu huda-huda. Ƙarfen tagulla ko jan ƙarfe ba ya shiga ko'ina. Ruwan da ya ƙafe, da ruwan daɗi ake cike gurbinsa, domin gishiri ba ya tashi da tururi, kuma da hunturu sai an yi haka kullum. Zafin da ake so digiri 24 zuwa 27 ne, abin da ɗaki a Birnin Gwari ba zai ba ka da bazara ba sai da na'urar sanyaya ruwa mai cin wuta sosai. Kifin da gishirin da kayan awon duk daga nesa za su zo, kuma kifin teku ba ya jure tsayawar inji kamar tarwada.

Shawarata ga mutumin Kuyello ita ce ya fara da tarwada, ko kifin ado na ruwan daɗi, ya ratsa bazara ɗaya da hunturu ɗaya. In a tsawon wannan lokaci injinsa bai taɓa kwana a kashe ba, kuma yana da wutar da za ta ɗauki na'urar sanyi, to ya aika a kawo masa gishirin.